Famfon dizal a injin jirgin ruwa: na lantarki, na kanikanci, da yadda ake haɗa su

Injin dizal na jirgin ruwa yana da famfon mai iri biyu, kuma mutane da yawa kan gwama su. Akwai babban famfon injekta, wanda ke matse dizal da ƙarfin da ya haura ba 100 (ba, wato "bar", ma'aunin matsi ne) ya harba shi ta nozul cikin silinda. Akwai kuma ƙaramin famfo mai ɗauko mai daga tanki, ya bi da shi ta filta ya miƙa wa babban. Wannan ƙaramin shi ne abin magana a nan, kuma akwai na kanikanci, wanda inji ke motsawa, akwai na lantarki. Ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba, a ƙananan injuna yakan tsaya tsakanin ba 0.2 da 0.5, wato psi 3 zuwa 7, amma ranar da ya gaza inji zai mutu ko da tanki cike yake maƙil.

Hanyar mai a yawancin jirage ita ce: tanki, bawul ɗin rufe mai, filta ta farko mai raba ruwa da dizal irin ta Racor, ƙaramin famfo, filta ta biyu da ke jikin inji, famfon injekta, nozul, sai tiyon da ke mayar da rarar mai tanki. Ka riƙe wannan jerin a ka. Duk abin da ke tsakanin tanki da ƙaramin famfo zuƙa ake yi, duk abin da ke bayansa turawa ake yi, kuma wannan bambancin shi ne zai nuna maka inda matsala take da inda ya kamata sabon famfo ya zauna.

Yadda na kanikanci ke aiki, da yadda yake mutuwa

A injuna irin su Yanmar 2GM20 da 3GM30 ko Perkins 4.108, famfon yana ɗaure a jikin inji, hannunsa na shiga ciki ya hau kan wani ƙusumbi na kamshaf, sandar da ke juyawa tana buɗe bawul-bawul na inji. Ƙusumbin ya juyo ya danna hannun, hannun ya ja wani faifan roba ƙasa, mai ya shigo ta bawul ɗin shiga. Ƙusumbin ya wuce, sifirin ya tura faifan sama, mai ya fita ta bawul ɗin fita. Lura da kyau: ƙusumbi zuƙowa kawai yake yi, sifirin ne ke turawa. Shi ya sa ƙarfin famfon ba ya wuce ƙarfin sifirin ɗinsa komai gudun inji, kuma idan gaba ta cika faifan yakan tsaya a ƙasa, hannu ya riƙa motsi a banza. Famfo ne mai daidaita kansa, ba waya, ba fis, ba makunni. Inji na juyawa yana aiki, inji ya tsaya ya tsaya, wanda kuwa babbar kariya ce idan tiyo ya fashe.

Iri uku ne lalacewarsa. Bawul ɗin ciki ya sha datti ko ya cinye, sai ƙarfi ya ragu, inji ya yi lafiya a silo amma ya shaƙe idan an ba shi wuta. Robar murfin sama, a waɗanda ke da ƙaramar raga a ƙarƙashin murfi, ta bushe ta riƙa shigar da iska. Na uku shi ne mai tsada: faifan roba ya yage. Ƙasan faifan nan a buɗe yake zuwa cikin inji, saboda haka dizal zai riƙa zuba kai tsaye cikin baƙin mai. Alamarsa ita ce baƙin mai na ƙaruwa a sandar awo maimakon raguwa, ya yi ruwa-ruwa, yana warin dizal. Man da ya tsinke haka ba ya riƙe biyarin, kuma idan ya cika da yawa inji na iya fara shan man nasa ya ƙwace da gudu, a kashe ya ƙi mutuwa sai an toshe masa iska. Wanda ke duba sandar awo kafin kowace tafiya zai kama wannan tun yana ƙarami.

Akwai wani abu da ke sa a jefar da famfo mai lafiya. Ƙaramin hannun da ake dannawa don jawo mai da hannu wani lokaci sai ka ji shi lakwas, ba ya kama komai. Sau da yawa inji ne ya tsaya daidai lokacin da ƙusumbi ya danne hannun ciki, faifan ya riga ya sauka, ba sauran wurin motsi. Juya karanshaf zagaye ɗaya cif. Kamshaf rabin gudun karanshaf yake yi a inji mai bugu huɗu, don haka ƙusumbin zai koma ɗaya gefen, hannun ya dawo da nauyinsa. Kuma a riƙa danna shi har ƙarshe, domin aikin yana can ƙarshen dannawar.

Kafin ka zargi famfo

Mafi yawan abin da ake ɗora wa famfo ba laifinsa ba ne. Filta ce ta toshe, ko iska ce ke shiga, ko ragar bakin bututun da ke cikin tanki ta cushe da baƙar yauƙin nan da ke tsirowa inda ruwa ya haɗu da dizal, ko kuma hancin shaƙar iska na tanki ya toshe. Wannan na ƙarshen gwajinsa ba wuya: inji ya fara shaƙewa bayan ya ɗan yi aiki, ka buɗe murfin tanki, ka ji iska ta ja ciki kuma inji ya farfaɗo, to ka gano.

Iska ta fi wahalar kamawa, saboda a ɓangaren zuƙa mahaɗar da ta saki ba ta ɗigar da mai, shigar da iska take yi, wurin kuwa a bushe ƙayau. Sa guntun tiyo garai-garai na ɗan lokaci kafin famfo, ka tayar da inji ka kalla. Jerin ƙananan kumfa na nufin iska na shiga daga baya. Ka riƙa matsar da tiyon zuwa wajen tanki, mahaɗa bayan mahaɗa, har kumfa ta ɓace. Cire shi da zarar ka gama, ba ya jure wuta.

Gwaji mafi yanke gardama shi ne na jarka. Zuba dizal mai tsabta a jarka, ka kai tiyo daga cikinta zuwa bakin shiga na famfo. Idan inji ya yi lafiya, famfo ba shi da laifi, matsalar tana tsakaninsa da tanki. Idan bai yi ba, ɗaga jarkar sama da inji ka kai tiyon bakin filta ta biyu, mai ya gangara da kansa. Ya yi lafiya yanzu, to famfo ne. Ka tuna rarar mai tanki take komawa, jarkar za ta ƙare da sauri fiye da yadda kake zato. Haka kuma za ka iya kwance tiyon fita na famfo ka sa a kwalba, ka ja wayar kashe inji don kada ya tashi, ka buga sitata na daƙiƙa kaɗan. Mai lafiya yakan feso mai da ƙarfi bugu bayan bugu, mai ciwo sai dalala.

Abin da na lantarki ke ƙarawa, da abin da yake ragewa

Amfaninsa na farko shi ne fitar da iska. Canza filta a cikin ɗakin inji mai zafi, jirgi na tangaɗi, kana danna ɗan hannu sau ɗari biyu, ba abin daɗi ba ne. Da na lantarki minti ɗaya ko biyu ya isa. Na biyu, idan tanki yana can ƙasa sosai ko yana da nisa, ana iya ɗaure shi kusa da tanki ya turo mai. Ƙananan famfunan kanikanci ba su da dogon numfashi, da yawansu abin da littafin inji ya yarda su zuƙo bai kai tsayin mita ɗaya ba, kuma kowace mita ta dizal tana cin kusan ba 0.08 kafin a lissafa filta da lanƙwasar tiyo. Na uku, ba ruwansa da cikin inji, ko ya lalace ba zai zuba dizal a baƙin mai ba. Ba sabon abu ba ne kuma, injunan Westerbeke da Universal da yawa da shi suke fitowa daga kamfani.

Abin da yake ragewa ɗaya ne amma babba. Tsohon injin dizal mai famfon kanikanci da wayar kashewa ta hannu, da zarar ya tashi ba ya bukatar wuta ko kaɗan. Batir ya mutu, waya ta ƙone, ruwan gishiri ya ci mahaɗa, shi dai yana tafiya. Ranar da ka cire na kanikanci ka bar na lantarki shi kaɗai, ka rataya rayuwar injinka a kan fis ɗaya da waya biyu. Idan injinka dama mai solenoyid ne da sai da wuta yake buɗe mai, wannan hujjar ta yi rauni, tun da dama a hannun batir kake. Sai kuma haɗarin da ke tattare da famfon da bai san inji ya mutu ba: tiyo ya fashe, makulli a kunne, zai ci gaba da juye tanki a gindin jirgi.

A ganina, inji mai famfon kanikanci mai lafiya a bar masa abinsa, a ƙara na lantarki a gefe don fitar da iska da ranar ɓacin rana. A mayar da shi na lantarki zalla ne kawai idan ba a samun kayan gyaran tsohon, ko ƙusumbin kamshaf ya cinye, ko tsayin tanki ya fi ƙarfinsa. Injunan zamani masu kwamfuta kuwa, a bi abin da kamfani ya tsara, kada a ƙara musu komai da ka.

Zaɓen famfo

Fara da ƙarfi, domin a nan ake yin ɓarna. Duba littafin injinka ka ga ƙarfin da famfon injekta ke so a bakinsa, ka sayi wanda ya faɗa cikin wannan iyakar. Famfuna irin na Facet da Walbro ana yin su kala-kala, kamanninsu ɗaya amma ƙarfi daban, lambar jiki ce ke bambanta su. Kada ka kuskura ka sa famfon motar fetur mai injekta, wanda ke ba da ba 3 ko fiye. Zai fasa sil, ya sa filta yoyo, kuma a famfon injekta mai juyawa irin CAV DPA ƙarfin da ya wuce kima yana taɓa lokacin fesa mai.

Yawan mai ba kasafai yake zama matsala ba. Ƙaramin injin dizal yana shan kusan lita 0.2 a kowane ƙarfin doki cikin awa ɗaya idan an taka shi sosai, wato inji mai doki 30 zai sha wajen lita 6. Ƙaramin famfon lantarki kan tura kusan lita 100 a awa idan ba abin da ya tare shi. Manyan injuna masu mayar da mai da yawa tanki su ne ake yi wa lissafin da ya haɗa da abin da ke komawa, ba abin da ke ƙonewa kaɗai ba.

Sauran abin dubawa: bolt 12 ne ko 24, an rubuta ya dace da dizal, tsayin da yake iya zuƙowa a bushe, girman bakinsa ya yi daidai da tiyonka, wanda a ƙananan jirage yakan zama milimita 8, da kuma ko mai na iya ratsa shi idan a kashe yake. Wasu suna da bawul mai rufewa ruf idan ba wuta. Irin wannan a kan hanya ɗaya da na kanikanci kashe inji zai yi.

Inda zai zauna

Famfon lantarki gwanin turawa ne, rago ne a zuƙa. Ɗaure shi ƙasa-ƙasa, kusa da tanki, amma sama da inda ruwan gindin jirgi ke kaiwa, a jikin katako ko ƙarfen jirgi mai roba a ƙasansa, nesa da salansa. Kada a ɗaure shi a jikin inji, girgiza da zafi suna gajarta masa kwana. Ya zo bayan filta ta farko. Dalili biyu ne: filtar na kare bawul ɗinsa daga datti, kuma idan famfo ya riga filta sai ya kaɗa ruwa da dizal su gauraye, mai raba ruwa ya kasa raba su. Filta ta farko mai maikuron 30 ko 10 (ma'aunin ƙanƙantar ramukanta) ta isa, mai laushin a bar wa ta jikin inji. Bi kibiyar da ke jikin famfon, kuma idan takardarsa ta ce bakin fita ya kalli sama, a yi haka don iska ta samu hanyar wucewa.

Hanya biyu ce ta haɗa shi da tsohon. Mai sauƙin ita ce a jere: filta, na lantarki, na kanikanci. Tana aiki, kuma mutane da yawa haka suke yi, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Ranar da ka fi bukatar na lantarki ita ce ranar da na kanikanci ya mutu, idan kuwa faifansa ne ya yage, kunna na lantarki na nufin kana ɗura dizal cikin baƙin mai da ƙarfin famfo, lita bayan lita, inji kuma na tafiya kamar ba komai. Duk wanda ya haɗa a jere, to ya ajiye guntun tiyo da aka riga aka auna, da mahaɗansa, wanda zai tsallake na kanikanci cikin minti biyar, kuma kada ya kunna na lantarki don ceto sai ya ja sandar awo ya sansana.

Mafi kyau ita ce kafaɗa da kafaɗa. Bayan filta ta farko ka sa mahaɗa mai baki uku. Reshe ɗaya ya tafi na kanikanci ta bawul ɗin hannu, ɗayan ya tafi na lantarki, su sake haɗuwa kafin filta ta biyu. Bawul ɗin cikin kowane famfo yana hana mai komawa baya ta cikinsa, amma ƙarin bawul ɗin hannu a bakin fitar na kanikanci shi ne ke ba ka damar ware shi ɗungurum. Farashin wannan tsarin shi ne yawan mahaɗai, kowace kuwa ƙofar iska ce, don haka a yi su da kyau: tiyo mai tambarin ISO 7840 A1 ko SAE J1527 A1 mai jure wuta, kilif na ƙarfen da ba ya tsatsa, sabuwar washar tagulla biyu a kowane noti mai rami. Kada a naɗa farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa, zarensa kan tsinke ya tafi ya maƙale a bawul ko a famfon injekta. A yi amfani da man liƙe zare mai jure dizal.

Idan cire tsohon za ka yi gaba ɗaya, rufe ramin da farantin ƙarfe da sabon gaskit. Barin mataccen famfo a wurin a matsayin murfi yakan ƙare da yoyon baƙin mai.

Haɗa wuta

Waɗannan famfunan ba su cin wuta, amfiya 1 zuwa 2 ne galibi. Wayar tagulla mai rufin kuza, kauri milimita 1.5 murabba'i, da fis mai amfiya 3 zuwa 5 sun wadatar, sai dai in takardar famfon ta ce wani abu daban. Fis ya zauna kusa da inda aka ɗebo wutar, ƙa'idar ABYC, ƙungiyar tsara ƙa'idojin jiragen ruwa ta Amurka, ta ce cikin inci 7, kusan santimita 18. Famfo mai waya ɗaya ta jikinsa yake samun negatif, a mota ƙarfen jiki ke ba shi. A jirgin katako ko na faiba ba haka ba ne, sai ka ja waya ta musamman daga ƙafar famfon zuwa negatif, in ba haka ba zai yi shiru ka ɗauka sabon ne ya zo a mace.

Idan don fitar da iska kawai ka sa shi, maɓallin da sai an riƙe yake aiki ya isa, a kusa da inji inda hannu ɗaya zai danna ɗayan na riƙe da sifana. Idan shi ne zai riƙa ciyar da inji, to wutarsa ta bi ta makunnin ƙarfin baƙin mai, yadda inji na mutuwa famfo zai tsaya. A nan ana yawan kuskure. Makunnin da ke kunna jar fitila da ƙararrawa a rufe yake idan ba ƙarfin mai, yana buɗewa idan inji ya tashi, wato kishiyar abin da kake so. Kana bukatar wanda ke rufewa idan ƙarfi ya hau, ko kuma rile, makunnin da wuta ke sarrafawa, da zai juya aikin. Sannan ka haɗa maɓallin riƙewa a gefensa don tayar da inji da fitar da iska.

Fitar da iska da gwajin ƙarshe

Buɗe bawul ɗin tanki. Sassauta notin iska da ke saman filta ta biyu zagaye ɗaya ko biyu, ka naɗa tsumma, ka danna maɓalli. Kumfa za ta fara fitowa, sannan mai zalla. Ɗaure notin tun mai na fita, a hankali, domin notin nan rami ne a cikinsa kuma ba ya wuyar karyewa. Yi haka a notin iska na famfon injekta idan yana da shi. Famfo mai ƙas-ƙas zai gaya maka halin da ake ciki: bugu da sauri da ƙara na nufin iska yake sha, idan ya cika sai sautin ya yi nauyi. Wanda ya ƙi yin nauyi yana nuna iska na shiga daga baya ko tanki ya yi ƙasa.

Ƙaramin famfo, ko wane iri ne, ba ya iya korar iska daga bututun ƙarfe da ke zuwa nozul. Idan inji ya mutu ne don ya sha iska, sassauta notin bututu a kan nozul, buɗe totur sosai, buga sitata har mai ya tsarto, ka ɗaure. Kada ka kai yatsa wurin, dizal mai wannan ƙarfin yana huda fata, kuma rauni ne na asibiti nan take. Sitata daƙiƙa 10 zuwa 15, sai hutu. Ga kuma abin da ya keɓanta da jirgi: duk juyin da inji ke yi bai tashi ba, famfon sanyaya inji na tura ruwa cikin salansa, ba hayaƙin da zai kore shi. Ya cika sai ya koma silinda ta bawul ɗin hayaƙi. Rufe bawul ɗin shigar ruwa idan bugun zai yi yawa, ka buɗe shi da zarar inji ya kama.

Bayan ya tashi, ɗaure jirgi da kyau a bakin gaɓa, sa shi a giya, ka ba shi nauyi na minti 20 zuwa 30, domin ƙarancin mai ba ya nuna kansa a silo. Bi kowace mahaɗa da busasshiyar farar takarda. Idan tsari ne na kafaɗa da kafaɗa, gwada kowane famfo shi kaɗai: kashe na lantarki ka ga inji ya riƙe gudunsa, sannan kunna shi ka rufe bawul ɗin na kanikanci ka sake gani. Kashe inji ka tabbata na lantarki ya yi shiru cikin daƙiƙa kaɗan idan ta makunnin ƙarfin mai ka haɗa shi. Washegari, kafin ka tayar, ja sandar awon baƙin mai ka kwatanta da inda ka bar ta jiya.